Shin iska za ta iya cike giɓin wutar lantarki a ƙasar da buƙatarta ke ta ƙaruwa?

Tambaya: "Jama'a na ƙaruwa, masana'antu na ƙaruwa, wuta ba ta isa. Ina jin ana cewa wutar iska ta fi kowace arha yanzu, ga shi kuma iska ba saye ake yi ba. To me ya hana ƙasa ta kakkafa injinan nan kowa ya huta? Ko dai zuzutawa ce kawai?"

Amsa: Malam, ba zuzutawa ba ce, arhar gaskiya ce. Alƙaluman IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashin da ba ya ƙarewa, sun nuna kuɗin samar da wuta daga iska a kan tudu ya sauka da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. A 2023 ɗin ne jimillar injinan iska na duniya suka haura megawat miliyan 1, kuma ƙasa irin Denmark tana samun fiye da rabin wutarta daga iska. Sai dai a harkar nan gaba ɗaya, sayen inji da kafa shi su ne abu mafi sauƙi. Ƙasashen da suka ci riba da waɗanda suka yi asara kusan injina iri ɗaya suka saya, daga kamfanoni ɗaya. Abin da ya raba su shi ne aikin da aka yi kafin inji ya iso, da kuma inda wutar ta bi bayan ta fito daga cikinsa.

Mu fara da iskar kanta. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudu ya ninka biyu, ƙarfi sau takwas yake ninkawa, domin gudun ake bugawa da kansa har sau uku. Ɗauki wuri biyu: a ɗaya iska na gudun mita 6 a daƙiƙa, a ɗayan mita 8. Wanda ya tsaya a wuraren nan da ƙyar zai ji bambanci a fuskarsa, amma a lissafi 216 ne da 512, wato na biyun ya ninka na farkon har da ɗoriya. Inji ɗaya, kuɗi ɗaya, bashi ɗaya, amma wani wurin ya mayar da jari, wani ya cinye shi. Shi ya sa "garin nan akwai iska" ba hujja ba ce. Iskar da ke kaɗa tufafi a ƙasa daban, wadda ke sama a tsayin mita 100 inda fukafukai ke juyawa daban. Bayanan da ake ɗauka a filayen jirgin sama ma yawanci a tsayin mita 10 ake auna su, ba za a ɗora jari a kansu ba.

Abin da ake yi shi ne a kafa doguwar hasumiyar awo, mita 80 zuwa 120, a jera mata na'urori hawa-hawa, suna rubuta gudun iska da inda ta fito duk bayan minti goma, na tsawon shekara guda cur a ƙalla. Sannan a gwada sakamakon da bayanan yanayi na shekaru masu yawa, don a gane ko shekarar da aka auna ta yi albarka ce fiye da ƙima. Akwai taswirar iska ta duniya kyauta a intanet, Global Wind Atlas, aikin Jami'ar Fasaha ta Denmark da Bankin Duniya. Tana da amfani ƙwarai, amma inda za ka kafa hasumiyar awo take nuna maka, ba inda za ka zuba kuɗi ba. Babu bankin da zai ba da rance a kan taswira.

Shi kuma inji yana da halinsa. Yakan fara juyi da wuta in iska ta kai wajen mita 3 a daƙiƙa, ya kai cikakken ƙarfinsa a wajen mita 12, in ta kai 25 ya karkatar da fukafukansa ya tsaya don kada ya ji wa kansa. Ke nan guguwa ba riba ba ce. Iskar da ake so ita ce matsakaiciya mai naci, wadda za ta wuni ta kwana tana busawa daga kusurwa ɗaya. Kuma tun 1919 Bajamushe Albert Betz ya nuna babu injin da zai iya kwashe fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Duk mai tallan da ya zo da ɗan ƙaramin inji na kan rufi yana cewa ya karya wannan ƙa'ida, a sallame shi cikin mutunci.

Daga nan sai lissafin da ake yawan rikita mutane da shi, wani lokaci da gangan. In aka ce an buɗe tashar iska mai megawat 100, ana nufin iyakar abin da za ta iya bayarwa ne lokacin da iska ta cika. A shekara akwai sa'o'i 8,760. Tashar da ke wuri mai kyau a kan tudu takan ba da kashi 30 zuwa 45 cikin 100 na abin da za ta bayar da a ce kullum a cike take. In muka ɗauki 35, wutar shekara ta zama kamar megawat 306,600 na sa'a guda (wato megawat 35 sau sa'o'i 8,760). Tashar gas mai wannan girma, in ta samu gas tana aiki kashi 80, za ta ba da 700,800. Wannan ba aibi ba ne, domin an riga an saka shi cikin lissafin arhar da na faɗa. Amma ƙasar da ke da giɓin megawat 1,000 da yamma, ta kafa injinan iska na megawat 1,000, ta ce ta rufe giɓi, kanta ta yaudara.

Saboda buƙatar wuta fuska biyu gare ta. Akwai yawan wutar da ake sha a shekara, akwai kuma wadda dole a samu a sa'ar da kowa ya kunna nasa, galibi bayan faɗuwar rana. Iska gwana ce wajen ta farkon. Ta biyun kuwa sai an duba takardun awo: ƙarfe nawa take tashi, a waɗanne watanni? A wasu wuraren da yamma da dare take ƙarfi, sai ta haɗu da sola su rufa wa juna asiri. A Indiya mafi yawan wutar iska a watannin damina take zuwa, sauran shekara ta ja baya sosai. A arewa maso gabashin Brazil kuwa an dace: iska ta fi ƙarfi a lokacin rani, daidai sanda ruwan madatsu ke janyewa. Ni a wurina wannan tambayar ta lokaci ta fi ta yawa nauyi, amma ita ce ba a cika yi a wajen bikin aza harsashi ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: waya. Iska mai kyau ba ta cika zama kusa da birni ba. Tana bakin teku, ko kan tsaunuka, ko cikin hamada, inda mutane ba su da yawa, manyan layukan wuta kuma ba su je ba. Tashar iska ana iya gama ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Layin wuta na ɗaruruwan kilomita kuwa, ga biyan diyyar filaye, ga shari'u, ga taransifomomin da ake daɗewa ana jira, yakan ci shekara biyar zuwa goma. In aka fara su rana ɗaya, inji zai riga waya isowa.

Kenya ta ga wannan ƙiri-ƙiri. Tashar Tafkin Turkana tana cikin wurare mafi kyawun iska a duniya, inda iska ke matsewa tsakanin tsaunuka ta fito da ƙarfi kusan kullum. Injina 365 ne, jimilla megawat 310. Sai da aka gyara hanya ta fiye da kilomita 200 kafin a iya kai kaya. An gama kafa injinan a 2017, amma layin da zai ɗauko wutar zuwa Suswa, inda zai haɗu da babban layin ƙasar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba, domin kamfanin Sifen da aka ba kwangilarsa ya durƙushe. Injina suka yi ta tsayuwa fiye da shekara, iska na wucewa a banza, har zuwa ƙarshe-ƙarshen 2018. Yarjejeniya kuma ta ce in tasha ta shirya waya ba ta shirya ba, sai an biya kuɗin wutar da da an samar. Haka kuwa aka yi, ƙasa ta biya kuɗin wutar da ba wanda ya kunna ƙwai ɗaya da ita. Da waya ta iso, tashar ta shiga ba da fiye da kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasar, abin da ke nuna aikin ba shi da laifi, jerin ne aka birkita.

Ba ƙananan ƙasashe kaɗai ba. China, wadda ta fi kowa yawan injinan iska, ta cika arewa da yammacinta da su alhali masana'antu na gabas. A 2016 wajen kashi 17 cikin 100 na wutar da injinan za su iya bayarwa an bar ta ta tafi saboda babu hanyar kwasa, a lardin Gansu ma abin ya haura kashi 40. Sai da suka dakatar da sababbin ayyuka a irin waɗannan larduna, suka shimfiɗa manya-manyan layuka zuwa gabas, kafin asarar ta sauko. A Afirka ta Kudu, a zagayen neman kwangila na 2022 gwamnati ta nemi megawat 3,200 na iska, masu jari sun zo, amma ba a ɗauki ko ɗaya ba, don layukan lardunan Cape, inda iskar take, sun riga sun cika. Jamus har yau tana fama da ɗauko wutar iska daga arewa zuwa masana'antun kudu.

Jihar Texas ta Amurka ita ta juya jerin. A 2005 majalisarta ta yi dokar da ta sa a ware yankunan da iska ta fi kyau, a kai musu layi tukuna. Aka kashe wajen dala biliyan 7, aka gama wajen 2013, masu jari suka biyo waya da kansu. Yau Texas ce gaba a wutar iska a Amurka, kuma jiha ce ta mai da gas, ba don ƙaunar muhalli ta yi ba, lissafi ne ya ba ta.

Sai abokin tafiya, wato abin da zai riƙe gari in iska ta kwanta. Mafi dacewa shi ne madatsar ruwa. Dam a nan rumbu ne: ranar da iska ke busawa a rufe ƙofa a tara ruwa, ranar da ta ɗauke a buɗe a ci daga abin da aka ajiye. Injin ruwa cikin mintuna yake tashi. Uruguay da wannan ta yi nasara. Da, in fari ya zo madatsunta suka ja baya, sai ta koma ƙona man da take sayowa daga waje da tsada. A zamanin da Ramón Méndez yake shugabantar sashen makamashi, daga 2008 zuwa 2015, aka riƙa sa kamfanoni takara, wanda ya yi farashi mafi sauƙi a ba shi yarjejeniyar shekara 20, kamfanin wuta na gwamnati ya ɗauki alkawarin saye. Kafin shekara goma iska ta kai wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar ƙasar. Amma a tuna mutanen Uruguay ba su wuce miliyan uku da rabi ba, kuma suna da madatsun tun farko. Ita ma Denmark da ake yawan kafa misali da ita, wayoyi gare ta zuwa Norway da Sweden da Jamus. In iska ta yi mata yawa ta tura, in ta kwanta ta jawo daga madatsun Norway. Ƙasar da ba ta da maƙwabta irin waɗannan kada ta kwafi lambar Denmark ido rufe.

Inda babu dam, tashar gas mai saurin tashi ce ke yin aikin, kuma babu abin kunya a ciki. Duk sa'ar da iska ta yi aiki, gas ɗin da ba a ƙona ba riba ne, musamman ga ƙasar da ke sayo shi. Batura sun yi arha sosai, suna iya ɗauko wutar rana zuwa dare, sa'o'i huɗu ko makamancin haka, amma mako guda na iska kwance ya fi ƙarfinsu a yanzu. Wani abin da ke taimakawa shi ne warwatsa tashoshi a yankuna masu nisa da juna, don da wuya iska ta kwanta ko'ina lokaci ɗaya. Akwai kuma hasashe: yau ana iya sanin iskar gobe da ɗan ƙaramin kuskure, matuƙar ɗakin da ke sarrafa layin ƙasa yana da mutane da kayan aikin karanta shi.

Akwai matsalar da ba a gani da ido, wadda ta fi damun ƙasar da layinta ke yawan faɗuwa. Wutar layi tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, a wasu ƙasashen 60, kuma manyan injinan ruwa da na gas, saboda nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsu, su ke riƙe wannan bugun in wani abu ya katse ba zato. Injin iska na zamani ta inbata yake shiga layi, wato na'urar da ke daidaita wutarsa da ta layin, ba ya ba da wannan riƙon sai an tsara shi don haka. Ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kayar da turakun wuta a jihar Kudancin Ostareliya, layi ya girgiza sau da yawa a jere, wasu tashoshin iska suka janye kansu saboda yadda aka saita kariyarsu, layin da ke haɗa jihar da maƙwabciyarta ya yi nauyi ya yanke, jiha gaba ɗaya ta shiga duhu. Bayan nan aka sake saitin, aka kafa babban batir mai megawat 100 a Hornsdale da ke jihar a 2017. Abin lura, gyaran ba cire injina ba ne, ƙa'idar shiga layi ce aka tsaurara. Wannan ƙa'ida a rubuta ta kafin inji na farko ya sauka a tashar jirgin ruwa.

Batun kuɗi kuma. Iska kyauta ce, amma kusan duk kuɗin tashar a farko ake biya, yawanci da bashi. Don haka man da injin iska ke sha shi ne kuɗin ruwa. Wanda ya ranci 100 na shekara 20 a kan ruwa kashi 5, zai riƙa biyan wajen 8 duk shekara. In ruwan kashi 12 ne, biyan ya haura 13. Inji ɗaya, iska ɗaya, wutar ta ƙara tsada da wajen kashi biyu cikin uku a ɓangaren jari. Me ke sa ruwa ya hau? Tsoro. Mai ba da rance yana duba wanda zai sayi wutar: shin kamfanin rarrabawa yana karɓar kuɗinsa daga masu sha? Akwai mita? Nawa ke zurarewa a waya, nawa ake sata? In bashin da kuɗin waje aka ci, wutar kuma da kuɗin gida ake sayarwa, wa zai ɗauki asara in darajar kuɗi ta faɗi? Sabuwar gwamnati za ta mutunta yarjejeniyar da ta gada? Ƙasar da kamfanin wutarta ke cikin bashi har wuya, gyaran wannan kamfani ya fi mata kowace taswirar iska gaggawa. Takara a fili, kamar yadda Afirka ta Kudu ta fara a 2011 da yadda Brazil da Maroko ke yi, ta fi cinikin bayan labule sauke farashi nesa ba kusa ba.

Filaye ba su cika zama matsala ta fuskar faɗi ba. Ana ba da tazara mai yawa tsakanin inji da inji don kada na gaba ya tare wa na baya iska, amma abin da gindin inji da hanyoyi ke ci kaɗan ne, ana noma ana kiwo a ƙarƙashinsu. Matsalar ita ce mutanen wurin, in an raina su. Aikin Kinangop a Kenya, mai megawat 60, rigimar fili ce ta kashe shi a 2016 bayan an riga an kashe kuɗi. A Norway, a 2021, kotun ƙoli ta ce lasisin wasu tashoshi a Fosen bai inganta ba, don sun tauye haƙƙin makiyayan ƙabilar Sami, 'yan asalin yankin, alhali injinan sun riga sun tsaya suna juyawa. Denmark kuwa ta taɓa yin dokar da ta wajabta a yi wa mazauna kusa tayin kashi 20 cikin 100 na hannun jari. Wanda ke da rabo a inji, ƙararsa ba ta cika hana shi barci ba. Tsuntsaye ma a duba hanyarsu tun wajen zaɓen wuri. A gaɓar Suez ta Masar, inda garkunan tsuntsaye ke ratsawa lokacin ƙaura, akan sa masu tsaro su tsayar da injina har su wuce.

Inji yakan yi shekara 20 zuwa 25, in ana kula da shi. Ƙura tana cin gefen fukafuki, zafi mai tsanani yana sa inji rage ƙarfi, tsawa tana faɗa masa, akwatin giyar inji (gearbox) yana lalacewa, kuma sauko da shi daga tsayin mita 100 sai da ƙugiya ta musamman wadda wata ƙasar ba ta da ko ɗaya. A sa yarjejeniyar gyara da ajiyar kayan canji da horar da makanikai cikin kwangila tun farko. Ban ga hikimar ƙasar da ke shirin tasharta ta farko ta dage sai an ƙera inji a gida ba. Hasumiya, siminti, hanya, wayoyi, aikin gyara, waɗannan su ne na gida da za a iya kamawa nan kusa. Injinan cikin teku ma, duk da iskar can ta fi ƙarfi da naci, tsadarsu ta ninka ta tudu, ba da su ake koyo ba.

In ka tambaye ni kaso nawa na wutar ƙasa iska za ta iya ɗauka, a ganina kashi 10 cikin 100 na farko yawancin layuka za su haɗiye shi ba tare da sauyi mai yawa ba, in dai akwai hasashe da ƙa'ida. Daga 20 zuwa 30 sai da dam ko gas mai sassauci da layuka masu ƙarfi. Sama da haka sai an haɗa da maƙwabta da ma'ajiya. Akwai kuma ƙasashen da awo zai nuna iskarsu ba ta kai ba, musamman waɗanda ke yankin dazuzzuka kusa da tsakiyar duniya, inda iska ke da sanyin jiki. Irin waɗannan su ƙyale ta, su sa kuɗinsu a sola da ruwa, su ja waya zuwa maƙwabciyar da Allah ya ba iska su saya daga can.